Kafar Allura

Sun ja mini ɗan akwati a kan takarda,
faɗinsa bai kai tafin hannu ba,
suka ce: rubuta dalilinki,
kalma ɗari biyu, kada ki zarce.

Ina sibar ta Mokoyo, dala sittin awa guda.
Wuta ta ɗauke sau biyu, ta tafi da rabin dalilina.
Mai shagon ya ce, "Barira, lokacinki na tafiya,"
kamar ban sani ba.

Ta ina zan shigar da Baba cikin akwatin nan?
Shekara talatin da ɗaya yana kan keke
a bakin babbar kasuwa.
Ana cewa Ɗan Jimo ba ya auna mutum sau biyu,
kafaɗarka zai duba, ya sa almakashi a shadda.
Bara waccan babban yatsansa ya fara motsi shi kaɗai,
yana jan carbi, babu carbi.
Sai shayi ya soma zuba kafin ya kai baki.
Sai zare ya daina gane kafar allura.
Yanzu ni nake zura masa da safe,
guda bakwai, in jera su a jikin matashi,
in wuce aiki.

Aikina bayan kanta ne, a farmasi.
Ina miƙa kwalaye, ina karɓar kuɗi,
ban san fuskar wanda ya fara tunanin ƙwaya ɗaya a cikinsu ba.
Ta Baba daga Yamai take zuwa, in ta ga dama,
wani wata sai mun aika Katsina.
Takan kwantar masa da hannu zuwa azahar.
Bayan la'asar hannun ya koma nasa.

Malama Tsahara ta taɓa zana mana a allo:
ƙwaƙwalwa tana da danga,
ba kowane magani take bari ya tsallaka ba.
A gwada dubu goma, ta ce, ɗaya ya shige,
shi ma wataƙila ya ɓata hanya a ciki.
Ajin ya yi tsaki.
Ni kuwa na ga zare dubu goma da kafa guda,
na ce wannan aikin gidanmu ne.

Na haɗa dosiye:
takardar haihuwa, sakamakon jami'a,
hoto huɗu da na fito kamar an yi mini laifi,
wasiƙar Malama, wadda na bi sawunta har Tibiri.
Saura sa hannun mai tsaya mini.

A meri, Baba ya kama biro da hannu biyu.
Sunansa ya fito kamar sawun tururuwa da ta faɗa tawada.
Mai hatimi ya duba katinsa, ya duba takarda,
ya ce, "Wannan ba hannunka ba ne, tsoho."
Baba ya ce, "Ni ma abin da nake gaya musu ke nan."
Mutumin bai yi dariya ba.
Ya daɗe yana kallon yatsan,
sannan ya buga.

Ban yi musu alkawarin zan gano komai ba.
Na rubuta cewa na iya jira,
na iya maimaita abu ɗaya har ya shiga.
Na rubuta cewa tsohuwar da ke sayar da saiwa a bakin tasha
ta san wani abu,
ina so in koyi yadda ake tambayar ganye da ma'auni,
ya ce i ko a'a.
Kalma ɗari da casa'in da shida.
Huɗun da suka rage na bar su fili.

Na danna. Allon ya ce an karɓa.
Amsa sai bayan damina.

Gulbi ya kawo ruwa jiya da dare.
Da safe na zura bakwai,
ya ce in ƙara ɗaya,
akwai wata riga da ya yi alkawari.