Wuyan Fabulla

Shekara talatin ina sassaƙa a ƙarfe,
a gidan buga kuɗi na birnin Roma.
Komai a juye nake zana shi
don ya fito daidai a jikin azurfa.

Suka ce, "Lukriyo, yi mana giwa
tana take maciji." Na yi.
"Yi kyarkeci mace tana shayar da tagwaye."
Na yi, har da haƙarƙarinta, don na san yunwa.
Sarki ya faɗi, aka ɗora wani,
na rage hanci, na ƙara gemu.
Guduma ba ta tambayar sunan kowa.

Ran da zazzaɓin fadama ya ɗauke Fabulla,
aikin gabana mace ce mai fiffike,
riƙe da kambin ganye, alamar nasara.
Kanta bai kai ƙwayar alkama ba.
Na ba ta wuyan matata,
yadda take karkata shi
in tana ƙirga kuɗin man zaitun.
Shugaban aiki ya duba, ya ce, "Madalla."
Bai taɓa shan miyarta ba, ina zai sani?

Sai ta fita, dubu bisa dubu:
a jakar soja zuwa ƙasar ƙanƙara,
a tafin matuƙin jirgi a Ostiya.
An sayi bawa da ita, an 'yanta wani.
Wani ya binne ta a tukunya, bai dawo ba.
Matar da ko teku ba ta taɓa gani ba!

Yanzu azurfa ma ta koyi ƙarya.
A cusa mata tagulla, a wanke mata fuska.
Jefa ta kan dutse ka ji,
muryar ta dushe.

Jiya na sayar wa Basus kayan aikina,
ya zuba min tsaba shida.
Ido ya tafi, saura babban yatsa.
Biyar sababbi ne, masu kaifin baki.
Ta shida tsohuwa, sumul kamar dutsen rafi.
Fiffike ya goge, kambi ya goge,
sunan sarkin ma hannaye sun cinye shi.
Amma ga wuyan, a karkace.

Ya ce, "Ta suɗe, baba, kawo in canza maka."
Na ce bar ta.

Biyar na miƙa wa mai gidan haya.
Ita na hau da ita bene,
hawa na huɗu, a hankali,
don ta sha tafiya.