Ta Zaure da Ta Ƙurya

Da, na'ura ɗaya ke tarbar baƙi,
ita ke lissafin riɗi da bashi.
Ranar kasuwar Maigatari
wayoyi ɗari uku suka nemi farashi,
ta yi zafi kamar tanda, ta suma.

Sai Lurwanu ya raba aikin biyu.
Ɗaya a zaure: ta amsa sallama,
ta miƙa shafi, ta kai saƙo ciki.
Ɗayar a ƙurya, gefen batir,
ba ta ganin kowa,
amma buhu nawa Hansatu ta kawo, ita ta sani.

Tsakaninsu shuɗiyar igiya, kamu shida.
Daren jiya ɓera ya gaigaye ta.
Ta zaure na ta cewa a dakata,
ta ƙurya na riƙe da amsa,
ba ɗan aike.