Ɗakin Kwamfuta a Gaɓar Samar

Kwamfuta goma sha ɗaya gare mu.
Biyu sai da lallashi suke tashi,
ɗaya gishirin teku ya cinye mata harafin "m",
duk wanda ya zauna gabanta sai ya aro shi wani wuri ya manna.
Ni ce malamarsu a wannan tsibiri,
inda iskar teku ke shigowa aji ba sallama.

Dalisay ta fi kowa saurin yatsa.
Shekararta sha huɗu, gashinta na ƙamshin man kwakwa.
Wata uku tana haɗa jadawalin cikar teku da janyewarsa
saboda kakanta Ambo, masunci,
wanda ya ce shi fuskar wata yake karantawa, ba ta gilashi ba.

Ranar da ta ɗora aikin a intanet
wasu da ba su taɓa jin ƙarnin kifi ba suka yi mata ca.
Wa ya aike ki? Koma ki wanke tukunya.
Ƙarfe ukun dare tana ƙirga zagi kamar kuɗin ciniki,
da safe ido ja wur, kai bisa tebur.

Ban yi mata wa'azi ba.
Na nuna mata inda sakata take a ƙofar shafinta,
yadda ake rufe wa baƙon banza taga,
wane saƙo ake amsawa, wane ake bari ya bushe a rana.
Na ce waya garwashi ce, 'yata,
a ji ɗumi da ita, ba a kwana rungume da ita.
Daga nan duk Juma'a sai mu zuba wayoyinmu a kwandon kifi,
har da tawa,
mu zauna bakin ruwa muna gardama kan kwalekwalen wa ya fi muni.

Sai guguwa ta zo a Nuwamba.
Ta yaye rufin kamar mai buɗe tukunya,
ta bar mana laka har gwiwa,
da gawar kwamfuta goma sha ɗaya a jere.

A zauren coci, inda muka fake da tabarmi da jarirai,
waya ɗaya ce ke kama layi, shi ma sai an ɗaga ta sama.
Na ce, kin tuna darasin nan da kuka yi ta hamma,
na ajiye kwafi a wani wuri?
Yatsunta na rawa ta buga kalmar sirri.
Kuskure.
Ta sake. Kuskure.
Ta goge hannu a siket, ta ja numfashi, ta sake.
Ya buɗe.

Ba duka ba. Aikin makon ƙarshe ya bi ruwa,
don ta yi ta cewa gobe, gobe.
Ta yi kukanta, na bar ta ta gama.
Ruwa ne ya zube, tulu na nan.
Da fensir da kyandir ta sake lissafin,
a nan ta ga wani bakwai da ya kamata ya zama tara,
wanda wata uku yana ɓoye mata a allo.

Yanzu kwamfuta huɗu gare mu, na aro, ƙarƙashin tanti.
Ran Asabar Ambo kan zo, shekara saba'in da ɗaya,
ya zauna da yatsa guda yana farautar haruffa
kamar mai tsintar ƙaguwa a duhu.
Jiya ya dungure allon ya ce,
nan kin yi ƙarya, ranar cikar wata ruwan ba ya wannan sammako.
Ta buɗe baki za ta musa,
sai ta rufe, ta jawo kujera kusa da shi,
ta ce, to faɗa mini, ƙarfe nawa?