Awon Wauta

Sunansa Wouter Brinkhuis. Harshenmu ya gaza,
muka ce Wauta.
Da aka fassara masa, ya yi dariya har ya zauna kan bandir ɗin yadina,
ya ce shekara arba'in da ita yake cin abinci,
sai a Obalende aka kira ta da sunanta.

Ni ne telansa. Ga littafin awo:
kafaɗa ashirin, tsayi kamar falwaya,
ƙugu arba'in da biyu a shekarar da ya zo.

Ya ce a Holan teku ya fi gari tudu,
ganuwa suke yi masa.
Na ce ashe gida ka zo,
Legas ma kullum cikin kokawa take da ruwa.

Yana ɗan tara ya fara hawa dandamali.
Fitila aka ba shi ya riƙe, ba a ba shi magana ba.
Fitilar ta mutu, ya fashe da kuka,
'yan kallo suka tafa, sun zaci cikin wasan ne.
Tun ranar, in ji shi, yake neman kukansa na gaske.

Ya yi sarki, ya yi mahaukaci, ya yi mahaukacin sarki.
Shekara goma sha ɗaya yana likita a talabijin,
har wata tsohuwa ta tare shi a tashar jirgin ƙasa
ta kware masa gwiwarta mai ciwo.
Ya mutu sau talatin da ɗaya, ya ƙirga:
takobi, guba, harsashi,
sau ɗaya a bahon wanka.

Fim guda ya kawo shi, na sati shida.
Sati shida suka haifi shekara goma sha huɗu.
Duk Baturen da labari ke nema, shi ne:
Di'o mai hular kwano, fada, ɗan kwangilar mai.
Ni ke ɗinka kakin, shi ke shan tsinuwar.
A gadar Eko, cikin cunkoso,
kwandastan danfo ya leƙo ya ce masa ɓarawon ƙasa.
Ya cire hula ya rusuna.
Ya ce wannan ya fi lambar yabo.

Ƙugu talatin da takwas.
Ƙugu talatin da biyar.
Awo ba ya kara, ko ga abokinka.

Sai magana ta fara zille masa.
A Iganmu, gaban mutum ɗari uku,
ya buɗe baki, ba komai, sai ƙarar fanka.
Da dare ya zo shagona, takarda na rawa a hannunsa:
Sallau, ɗinka min farkon kowane layi a cikin hannun riga.
Ban iya bokon kirki ba.
Na bi baƙaƙen ɗaya ɗaya kamar aikin wuya,
da jan zare, don ya gani a duhu.
Washegari yana ta duban tsintsiyar hannu,
jarida ta ce bai taɓa nuna mai jiran ajali haka ba.

Da damina 'yarsa Marijke ta zo ta tafi da shi.
Ya bar kwat guda, ya ce in rage ƙugu, zai dawo.
Na rage.

Wasiƙa ta zo bayan Sallar layya.
Ta talatin da biyu, ba kyamara, ba tafi,
ba wanda ya ce a sake.

Kwat ɗin na rataye bayan kekena.
Yara masu koyo na tambaya, na wa ne?
In ce na Wauta.
Su yi dariya.
Ina barinsu. Da ita ya ci abinci.