Karara a Bayan Ɗakin Inna

Hutun lakwal ya kusa ƙarewa
na sauka Jiratawa da jaka guda
da makullin da tsatsa ta ci.
Damina biyu tsintsiya ba ta taɓa gidan nan ba.
Tafasa ta kawo mini ƙugu,
rai-ɗore ya yi ƴaƴa a tsakiyar murhu,
turmin Inna na kife, gara ta cinye masa baki.

Na aro adda wurin Nomau,
na rataye riga a reshen gwaba.
Tun hantsi nake sara.
Ƙarangiya ta kama wandona kamar mai bin bashi,
tsidau ya huda sudaɗɗen takalmina,
ban kula ba.
Jar akuyar maƙwabta na biye da ni
tana duba aikina, tana cinye rabi.

Rana ta take tsaka na isa bayan ɗaki.
Can na tarar da ita ta haye katanga,
ta naɗe gwabar har wuya,
kwansonta na reto, gashi lufluf
kamar ɗan kyanwar da bai buɗe ido ba.
Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli a Yamai,
na san sunan kogunan da ban taɓa gani ba,
na mance fuskar karara.
Na rungumo ta da hannu biyu na fizga.

Ta bar ni na kai ƙofar zaure.
Sannan ta yi sallama.
Wuya, hammata, tsakanin yatsu,
har inda ba a faɗa a gaban surukai.
Na yi rawar da babu makaɗi,
na goga baya da garu kamar jaki,
na sheƙa ruwan randa, wuta ta ƙara ci.

Tsohuwa Cima ta leƙo ta kan darni
tana dariya da haƙoranta uku.
"Mushe, bar susa! Susa ita ce abincinta."
Ta zo da toka a sakaina, da man gyaɗa a murfin kwalba,
ta murje ni kamar tukunyar da ta kama ƙanzo,
tana yi tana faɗa:
"Kai kaɗai ne a garin ga ba ka sani ba.
Uwarka ce ta kawo irin daga bakin gulbi,
a ƙulle cikin leda, ta binne da kanta.
Shekarar da ka tafi, yara suka dame ta da hawan katanga.
Ta ce ba ta da kare, ba ta da ɗa a gida,
to ga mai gadi."

Na zauna a kan turmin, fari fat da toka,
ina kallon abin da na sare.

Da la'asar na ƙone tarin ciyawa,
na tsaya ta inda iska ke fitowa, yadda Cima ta ce.
Hadari ya taso daga gabas bai zuba ba.
Saura gindi ɗaya a kusurwa,
kaurinsa bai wuce yatsan Inna ba.
Na ɗaga adda.
Na mayar wa Nomau kayansa kafin magariba.

Yau kwana shida, ina gaban allo.
Wuyan hannuna na yi mini ƙaiƙayi kaɗan-kaɗan,
ban shafa masa komai ba.