Turke na Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Shekara talatin da ɗaya na yi wa gidan waya aiki,
ni da alfadarina mai ƙin tsallake gada.
Daga kwari zuwa Huayllapata yini biyu ne,
in ruwa ya zabtare hanya, uku.
Wasiƙa kan iso da albishir ɗin haihuwa
bayan yaron ya fara haƙora.

Na yi ritaya, na koma noman dankali,
sai bana aka aiko a kira ni.
Wai gwamnati a Lima ta ware kuɗi,
tallafi ne, ba bashi ba,
a ja intanet mai sauri
zuwa ƙauyukan da taswira ta yi wa kallon hadarin kaji.
Injiniya Yesenia Paucar ta zo da takardu
da takalmin da bai san laka ba.
Ta ce, “Baba Melquiades, na'ura ta zana mana hanya,
amma ba ta san inda dutse ke gangarowa ba.”
Na ce, “Biyo sawuna.”

Da suka fere wayar suka nuna mini,
zaren gilashi ne,
bai kai gashin jelar alfadarina kauri ba.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Wannan ne zai ɗauki abin da ya tanƙwara mini baya?

Wata biyar muna kafa turaku.
Sanyi na cin kunne, iska na ƙarancin shaƙa,
lama, 'yan raƙuman tsauni marasa tozo,
suna kallonmu suna tuƙa, ba ruwansu.
Inda na taɓa faɗuwa da buhun wasiƙu
na ce a kauce. Aka kauce.

Ranar da ta isa makaranta
yara suka daina hawa tudun maƙabarta
da salula a ɗage sama kamar masu roƙon ruwa.
Nas ta nuna wa likitan birni ƙirjin wani jariri
ba tare da kowa ya ɗaura sirdi ba.
Evaristo ya duba farashin ulu a Arequipa,
ya duba kuma,
ya zauna a kan dutse bai ce uffan ba.
Shekara ashirin dillali na shan romonsa.

Sai kuɗin ya ƙare.
Ba da tsawa ba, ba da rigima ba,
a turke na ɗari huɗu da sha biyu,
gefen rafi.
Gidan Saturnina Huillca na hayi,
mita ɗari shida, ana hango hayaƙinta.
Yesenia ta juya takardar gaba da baya,
ta ce, “Sai zagaye na biyu.”
Ba ta iya haɗa ido da ni ba,
takalminta kuwa ya gama sanin laka.
Saturnina na da shekara tamanin da uku.
Zagaye nawa ya rage mata?

To, duk Alhamis
nakan jingina da bangon makaranta.
Ɗanta Wilber na can hayin teku yana wankin tukwane a otel,
muryarsa da fuskarsa da tarin 'yarsa
su faɗo cikin salulata
kafin ƙiftawa da bismilla.
In saka ta a tsohuwar jakar fata,
in ɗauki sanda.

Ƙasa da ƙasa, teku guda, a ƙiftawar ido.
Mita ɗari shida, da gwiwoyin nan, minti arba'in.

Takan fito tana goge hannu a siket,
ta dube ni sama da ƙasa
kamar yadda ta saba tun alfadarin na da rai,
ta ce, “Masinja, ka makara.”
Sannan ta matso da kujera.