Shagon Buga Takardu a PZ

Ni ce Uwani mai shagon buga takardu,
ƙofa ta uku in ka baro shataletalen PZ,
jikin ofishin da ke liƙa sanarwa a allo
da jan alƙalami: ANA NEMAN MA'AIKATA.
Kafin in ɗaga ƙyaure da safe sun riga sun jeru,
kowa da ambulan a hammata,
kowa ya goge takalmi,
kowa ya zo neman aiki.

Yau allon ya ce: direba ɗaya mai lasisi,
malamar lissafi a wata makaranta a Gyallesu,
akawun sito a Cikaji, masu gadi biyu,
da mai karɓar baƙi, kada ta haura ashirin da biyar,
amma ta zo da gogewar shekara bakwai.
Na karanta, na ja tsaki.

Zauna nan, Yahuza, ture wannan kwalin.
An ɗauke wuta, yaro ya tafi sayen mai.
Kafin nan ga abin da allo ba ya faɗa, sai baki.

Lambar wayar nan da ka rubuta, ta wa ce?
Ta yayanka da ke Fatakwal? Goge ta.
Haka Zailani ya yi bara: aka kira ran Talata,
saƙo ya iske shi Juma'a bayan masallaci,
ya je ya tarar da wani a kujerar yana shan shayi,
ya dawo ya zauna nan, ba laka a jiki.

Kada ka rubuta ka iya abin da ba ka iya ba.
A ɗakin ganawa kwamfuta na kunne,
za a tura maka ita a ce, bismillah.
Shafi ɗaya ya isa, ba tarihin kakanni suke nema ba.
Cire "mai ladabi da biyayya", kowa haka ya sa.
Rubuta wata takwas ɗin da ka riƙe wa kawunka
littafin shagon taki a Samaru
ba a nemi ko sisi an rasa ba.
A nan ake samun maki.

In aka ce kawo dubu ashirin kuɗin fom,
a tura ta asusun wani mai suna daban,
dafe aljihunka ka fito da baya.
Asabe ta sayar da keken ɗinkinta
don gurbin da babu shi,
lambar ta daina shiga tun kafin ta bar banki.

Ran ganawa yi sammako, ka san Kwangila,
tirela ɗaya ta gitta, gari ya tsaya.
Ci wani abu, yunwa na sa murya rawa.
In sun tambayi albashi kada ka ce ko nawa ne.
Faɗi adadi, ka yi shiru,
ka bar shirun ya yi aiki.

Ka ce ina na san duk wannan?
Jawo aljihun teburin, duba ƙarƙashin rasit.
Digiri ne, kimiyyar ƙasar noma, ga hatimi.
Shekara huɗu na yi a layin da ka fito,
kullum ina biya a buga min kwafi.
Wata rana na ƙirga abin da na kashe,
na juya na ƙirga kawunan da ke bayana,
na koma gida na sayar da awarwarona.
Ban ce ka bi sawuna ba, layin ma yana kai wasu.
Lantana da na gyara wa takarda da damina
yau tana asibitin Shika, da teburinta da ɗaki.

Ga wuta ta dawo. Miƙo hoton.
A'a, ba mai baƙin tabarau ba, ɗayan.
Kwafi uku, ɗari uku. Bar shi, ka kawo in an ɗauke ka.
Littafin bashina ya kai suna sittin.
Goma sha ɗaya sun dawo sun biya,
ɗaya har da tsire a takarda.
Sauran ban soke su ba.

Tashi, gyara wuyan rigarka,
an fara kiran suna daga ciki.